Yadda Za Ka Zaɓi Rikodar Hannu Mai Naɗar Murya a Zariya

Sau biyu a shekara ake yawan neman rikodar hannu a garin nan. Na farko, lokacin da ɗaliban ajin ƙarshe da masu digiri na biyu a harabar Jami'ar Ahmadu Bello ta Samaru da ta Kongo suke shirin fita tattaro bayanai. Na biyu, idan azumi ya ƙarato, kwamitin kowane masallaci yana son a adana tafsirin malaminsa. Duka biyun tambayarsu ɗaya ce: wacce ta fi kyau? Tambayar ba ta da amsa sai an san muryar wa za a ɗauka, a wane wuri, kuma me za a yi da ita bayan an ɗauka. Rikodar da za ta wadatar da mai hira da dattijo a zaure a Kwarbai ba lalle ta iya da kakaki da tambari ranar hawan Daushe ba. Wadda kuma ta iya da hawan, nauyi ce kawai da cin batir a hannun ɗalibar da za ta zauna da tsofaffin mata a cikin gida.

Abin da nake so ya zauna a zuciyar mai karatu tun daga nan shi ne wannan: kusancin makirufo da bakin mai magana, da wurin da aka zaɓa aka zauna, da sauraren abin da ke shiga tun ana ɗauka, sun fi sunan kamfanin da ke jikin na'urar tasiri. Duk zaɓin da za mu yi a ƙasa a kan wannan aka gina shi.

Da farko, wayarka ba ta isa ba?

Wani lokacin ta isa. Idan lacca kake son ɗauka don ka sake saurare ka rubuta, ka zauna a gaba ka ajiye wayar kusa da malami, buƙata ta biya. Ka riƙe kuɗinka.

Inda waya take gazawa shi ne aikin da ba a maimaitawa. Kira yana iya shigowa ya yanke ɗauka ana tsakiyar magana. Yawancin wayoyi kuma suna gyara sauti da kansu: su ɗaga shi idan mutum ya yi shiru, su danne shi idan ya ɗaga murya, su share abin da suka ɗauka hayaniya ce. Ga hira ta yau da kullum wannan taimako ne, amma ga waƙa da kiɗa ɓarna ce, domin wayar tana iya ɗaukar amon kalangu a matsayin hayaniya ta cinye shi. Ga cajin da ke tafiya, ga wuta da ba ta da tabbas. Tsohon da ya haura shekara tamanin ya ba ka tarihin unguwarsu na awa biyu, ba za ka koma gobe ka ce masa a sake ba, kuma ko ya yarda ya sake, ba zai faɗa yadda ya faɗa jiya ba. Irin wannan aiki shi ya cancanci na'ura ta musamman.

Ka faɗa wa kanka aikin da gaskiya

Ka ɗauki takarda ka rubuta abin da za ka fi yawan ɗauka, ba abin da kake tunanin wata rana za ka iya ɗauka ba. Mutane da yawa suna sayen babbar rikoda saboda mafarkin buɗe situdiyo, sai ta ƙare a durowa saboda nauyinta da wahalar saita ta.

Mai hira da mutum ɗaya ko biyu, ɗalibin tarihi ne ko na harshe ko ma'aikacin gona da ke jin ta bakin manoma a Giwa da Soba, ƙaramar rikoda mai kyakkyawan makirufo da ramin jona makirufon maƙalawa ta ishe shi. Mai ɗaukar karatu a masallaci ko majalisi babbar buƙatarsa ita ce jonawa kai tsaye da miksar masallacin, wato na'urar da ke karɓar sautin makirufo kafin ya tafi lasifika, da batirin da zai kai ƙarshen zama. Ɗan jarida yana son wadda za ta tashi da sauri, ta shiga aljihu, ta jure iska a bakin titi. Mai ɗaukar kiɗa da waƙa, ko mai haɗa bidiyo, shi ne kaɗai yake da hujjar hawa zuwa manyan.

Makirufon da ke kanta

Iri biyu za ka fi cin karo da su. Akwai mai jin kowace kusurwa daidai, gaba da baya da gefe. Irinsa ne a kan Tascam DR-05X. Amfaninsa, idan mutum biyar suka zauna a tabarma ka ajiye rikodar a tsakiya, kowa zai shiga. Kuma bai cika damuwa da iska da motsin hannu ba kamar ɗaya irin. Illarsa, ba ya tace komai: mai magana da akuyar maƙwabta da ɗan acaɓan da ya wuce duk ɗaya suke a wurinsa.

Ɗaya irin shi ne mai fuskantar gaba, wanda ya fi jin abin da aka nufa da shi, ya rage na baya. A kan Zoom H1n za ka ga guda biyu sun gitta juna, tsarin da ake rubuta wa X/Y. Wannan ya fi dacewa da wurin da hayaniya take, kamar kasuwar Sabon Gari ko ƙarƙashin gadar Kwangila, domin kana iya juya wa hayaniyar baya ka nufi bakin mutum. Sai dai iska kaɗan ta buge shi sai ka ji ƙara kamar ana dukan ƙofa, kuma duk motsin yatsa a jikin robar yana shiga. Tascam DR-07X tana da irin wannan makirufo, amma nata ana iya buɗe su ko a rufe, gwargwadon faɗin abin da ake son ɗauka.

Ga Zariya, inda da wuya ka sami wuri shiru, na fi karkata ga mai fuskantar gaba ga wanda zai yi hira da mutum ɗaya. Wanda aikinsa zaman tattaunawa ne da jama'a, ya ɗauki mai jin ko'ina.

Ramukan jonawa

Wannan shi ne abin da ya raba ƙananan rikodoji da manya, kuma a nan kuɗi suke tafiya. Ƙananan suna da rami ɗaya mai faɗin milimita 3.5, irin na iyafis, inda ake jona makirufon maƙalawa a wuyan riga. Manyan suna da ramin XLR mai haƙora uku, irin wanda kake gani a gindin makirufon masallaci, wanda ke kulle waya ba ta zarewa, kuma yana jure doguwar waya ba tare da kwaso ƙugi ba. Suna kuma iya tura wutar bolt 48 zuwa makirufon situdiyo da ke buƙatarta.

Ka tambayi kanka: ina da makirufo mai XLR, ko zan saya cikin shekarar nan? Zan riƙa jonawa da miksa? Idan amsar duka a'a ce, kada ka biya kuɗin ramin da ba za ka taɓa sa komai a ciki ba.

Wani ƙaramin abu da ke ba mutane wahala: makirufon maƙalawa da aka yi don waya bakinsa yana da zobe uku baƙaƙe, na rikoda kuwa biyu. Idan ka sa mai zobe uku a rikoda, sau da yawa shiru za ka ji. Wasu, kamar Boya BY-M1 da ake samu a shagunan waya, suna da ɗan maɓalli na sauyawa tsakanin waya da kyamara, kuma suna aiki da ƙaramin batirin agogo LR44. A rikoda, ɓangaren kyamara ake sa shi. Waɗanda ba su da batirin kansu kuma sai ka kunna musu wuta daga cikin saitin rikodar, inda aka rubuta Plug-in Power.

Su wane ne a kasuwa

Kamfanoni uku na Japan su ne za ka fi ji: Sony da Zoom da Tascam.

A matakin ƙasa akwai Sony ICD-PX470. Tana da ma'ajiyar ciki ta gigabait 4, tana karɓar ƙaramin memori, tana cin batir AAA guda biyu, kuma bakin USB a jikinta yake, turo shi kawai ake yi a soka a kwamfuta. Kamfanin ya ce batirinta na kai awa 55 idan MP3 ake ɗauka. Ga lacca da taro da hirar da rubutawa kawai za a yi, wannan ta isa har ta yi saura, kuma kowa zai iya sarrafa ta cikin minti biyar. 'Yar'uwarta ICD-UX570 batirin cikinta ake caji. Ta fi sirantaka, amma idan cajin ya ƙare kana ƙauye babu inda za ka sayi wani ka sa. Wannan kaɗai ya sa na fi son mai batirin cirewa.

Mataki na tsakiya shi ne inda nake tura mafi yawan masu tambaya: Zoom H1n da Tascam DR-05X da DR-07X. Dukansu suna ɗaukar WAV, wato cikakken sautin da ba a matse ba, har zuwa matakin inganci na bit 24, suna ba ka ikon saita ƙarfin sauti da hannunka, kuma ana iya jona su da kwamfuta su zama makirufo. Bambancinsu a aikace: H1n tana da ɗan faifan juyawa a gaba na ƙara ko rage sauti, abu mai daɗi ƙwarai idan kana sauri, amma batirinta AAA biyu wajen awa 10 suke yi, kuma memorin da ya wuce gigabait 32 ba ta karɓa. DR-05X tana cin AA biyu, kamfanin ya ce tana kai awa 17 da rabi, kuma tana karɓar memori har gigabait 128. Mai zuwa ƙauye ya kwana biyu zai ga amfanin Tascam. Mai shiga hayaniyar gari ya fito zai ga amfanin Zoom.

A shekarar 2024 Zoom ta fitar da H1essential, wadda ke ɗauka da tsarin da ake kira 32-bit float. Zan dawo kanta, domin ta cancanci bayani.

Manyan masu XLR su ne Tascam DR-40X da Zoom H4n Pro da H5, kowacce da rami biyu, sai H6 mai rami huɗu. DR-40X tana da maɓalli a gefe na zaɓar ko makirufo aka jona ko sautin miksa, kuma tana iya ɗaukar kwafi biyu a lokaci ɗaya, na biyun da ƙarancin ƙarfi, ta yadda idan na farko ya fashe za ka koma ga na biyu. H5 ma tana da irin wannan kariya ga makirufon kanta, kuma ana iya cire kan a sauya da wani. Kwamitin masallacin da ke son aiki mai ɗorewa ya duba DR-40X ko H5. H6 ta masu zaman tattaunawa ce inda mutum huɗu kowa da makirufonsa.

Akwai kuma marasa suna, masu kama da biro ko filashi, da ake tallarsu da arha. Don tuna abin da aka faɗa a taro suna iya yi. Don adana muryar da kake son jikoki su ji, a'a. Araha ba ta ado.

WAV ko MP3, da lissafin wuri

WAV sauti ne cikakke yadda ya shigo. MP3 an matse shi, an zubar da wani ɓangare don fayil ya yi ƙanƙanta, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Daga WAV kana iya fitar da MP3 duk lokacin da ka so, amma daga MP3 ba a komawa. Saboda haka duk abin da za a adana, ko za a gyara a kwamfuta, ko za a watsa a rediyo, a ɗauke shi a WAV. Ɗaliban nazarin harshe da za su auna karin sauti da tsawon wasali a manhajar Praat, su kam ba su da zaɓi, WAV ne dole.

Ga lissafin. WAV mai matakin inganci na 48kHz da bit 24, kunne biyu (hagu da dama), yana cin gigabait 1 da ɗoriya kaɗan a kowace awa. Memorin gigabait 32 ke nan zai ɗauki wajen awa 30. WAV mai 44.1kHz da bit 16 yana cin megabait 635 a awa. MP3 mai 128kbps bai kai megabait 60 a awa ba. Tafsirin awa biyu kullum na wata guda, a WAV mai bit 24, ya haura gigabait 60, don haka sai an riƙa kwashewa zuwa kwamfuta. Kada ka damu da 96kHz da ake rubutawa a kwali. Ga muryar mutum wuri kawai yake ninkawa.

Yanzu batun 32-bit float. A rikoda ta al'ada kai ne kake saita ƙarfin shigar sauti, kuma abin kamar zuba fura ne a ƙwarya: in ka zuba kaɗan ba ta ƙosar ba, in ta cika ta zube a ƙasa babu kwasowa. Sautin da ya wuce iyaka yana fashewa, kuma babu manhajar da ke gyara shi sarai. Rikoda mai 32-bit float ta ɗauke maka wannan saiti. Ka danna ɗauka kawai, daga baya a kwamfuta ka ɗaga abin da ya yi ƙasa, ka sauke abin da ya yi sama. Ga malamin da ke magana a hankali sannan jama'a su ɗauki kabbara gaba ɗaya, wannan rahama ce. Amma ka san abu uku. Fayil ɗinta ya fi girma, kusan gigabait 1.4 a awa. Yawanci sai ka bi ta kwamfuta, da manhaja irin Audacity wadda kyauta ce, kafin ka raba wa mutane. Kuma makirufon kansa yana da iyakar ƙarar da zai iya ɗauka; idan ka kai shi bakin kakaki ko kusa da bindigar 'yan bindiga, zai fashe tun kafin sautin ya isa ciki. Wanda ba shi da kwamfuta, H1n ko DR-05X sun fi masa sauƙi.

Kada ka ƙarar da kuɗin a kan rikodar

Wannan shi ne kuskuren da na fi gani. Mutum ya tattara duk abin da ke hannunsa ya sayi babba, ya fita da ita tsirara. Ka ware wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinka don abubuwa huɗu, ko da hakan zai sa ka sauko mataki ɗaya.

Na farko, hular makirufo. Soso yana maganin hucin baki a cikin ɗaki, amma iskar hunturu ta Disamba da Janairu ta fi ƙarfinsa. A waje sai mai gashi, wadda ake sa wa kan rikodar gaba ɗaya. Tana kuma tare ƙura, wadda ita ce babbar abokiyar gabar makirufo a ƙasarmu.

Na biyu, abin saurare. Hedifon mai rufe kunne ya fi, amma ko iyafis mai waya ya fi babu. Mai ɗauka ba ya saurare bai san abin da yake ɗauka ba sai ya koma gida.

Na uku, memori na gaskiya. Jabu sun cika kasuwa, a rubuta gigabait 64 alhali cikinsa bai kai 8 ba. Zai nuna yana ɗauka lafiya, sai ka zo buɗewa ka tarar fayil ya lalace. Ka saya a wurin da ka amince, ka gwada shi a kwamfuta da ƙaramar manhajar H2testw, wadda ke cika memorin taf ta karanta ta gaya maka ainihin girmansa. Guda biyu masu gigabait 32 sun fi ɗaya mai 64, domin in ɗaya ya ɓata ba duka aikin ya tafi ba.

Na huɗu, batir. Masu arhar nan na tocila da rediyo ba sa jimawa a rikoda, kuma suna yoyo su cinye ƙarfen ciki. Ka nemi alkalin, ko ka sayi masu caji irin NiMH, kamar Eneloop, saiti biyu da cajarsu. A cikin saitin rikodar akwai inda ake gaya mata irin batirin da aka sa. In ba ka gaya mata ba, alamar cajin za ta riƙa yi maka ƙarya. Yawancinsu suna aiki da fawabank ta USB, amma ka gwada naka tukuna, domin wasu fawabank suna kashe kansu idan abin da aka jona ba ya jan wuta da yawa. Ko da fawabank, ka bar batir a ciki.

A gaban mai shago

Ka fara zagaya shagunan kayan lantarki na PZ da Sabon Gari. Ba kullum ake samun waɗannan a ajiye ba, sau da yawa sai an yi oda daga Kano ko Legas, ko ta intanet. Duk ta inda za ta zo, ka yi sharaɗin gwaji kafin ciniki ya faɗa. Ka je da batirinka da memorinka da iyafis ɗinka, ka ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri in gwada ta a nan gabanka, in ta yi ba sai na dawo ba." Mai kaya mai kyau ba ya ƙin wannan.

Ka buɗe gidan batir ka duba ko akwai fari-fari ko tsatsa, musamman in ta hannu ce. Ka kunna, ka ɗauki minti ɗaya kana magana, ka tabbata layuka biyu na ma'aunin sauti, hagu da dama, suna motsi daidai da juna. Ka shafa yatsa a hankali kusa da kowane makirufo ka ji ko duka biyun suna raye. Ka yi shiru na daƙiƙa goma ka saurara: ɗan huci kaɗan ba laifi ba ne, amma ƙaƙas-ƙaƙas ko ƙugi alamar matsala ce. Ka soka iyafis ka girgiza bakinsa ka ji ko sauti na yankewa. Mai XLR, ka roƙi makirufo ka gwada kowane rami. Ka danna kowane maɓalli. A ƙarshe ka kashe ta, ka sake kunnawa, ka ga fayil ɗin yana nan. Ka karɓi rasit mai lambar jikin na'urar.

Saitin farko da ranar fita

Da ka isa gida ka sa kwanan wata da lokaci, ka goge memorin daga cikin rikodar kanta, ba daga kwamfuta ba. Ka zaɓi WAV, 48kHz, bit 24. Ka kashe saitin da ke daidaita ƙarfin sauti da kansa, domin duk lokacin da mai magana ya numfasa sai ya ɗago hayaniyar bayan gida. Ka kunna mai tace ƙugi, wanda ake rubuta wa Low Cut, a kan 80Hz. Yana rage gunjin janareta na nesa da na iska, bai taɓa murya ba. Idan ganga za ka ɗauka ka kashe shi, don amon ganga a ƙasan yake. Ka kunna Limiter, mai danne sautin da ya zo da ƙarfi kwatsam don kada ya fashe, a matsayin kariya. Sannan ka san halin na'urarka: a Tascam dannawa ɗaya shiri ne kawai, jar fitila tana ƙiftawa, sai ka sake dannawa take fara ɗauka. Hira da yawa ta salwanta a nan. Idonka ya ga daƙiƙoƙi suna tafiya kafin ka ɗaga kai.

A wurin hira, zaɓen ɗaki shi ne rabin aikin. Falo mai tayil da bangon siminti tsirara yana mayar da murya, ta fito kamar daga rijiya. Ɗaki mai katifa da labule da darduma ya fi shi nesa ba kusa ba, haka tsohon soron ƙasa irin na cikin birni. Ka roƙi a kashe fanka, ko da ana zafin bazara, na ɗan lokaci. Da damina ka guji rufin kwano in hadari ya haɗo. A wajen Palladan da Samaru ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama suna shawagi. In ɗaya ya taso ka dakata cikin ladabi ya wuce. Ka lissafa lokacin kiran salla, kada ka fara muhimmiyar tambaya saura minti biyar. Wayarka da ta mai gida a nisanta su da rikodar, ko a rufe layin, don suna sa ƙara a ciki.

Ka kawo makirufon kusa, kamar taƙi ɗaya zuwa kamu ɗaya daga baki, ɗan gefe kaɗan don kada hucin "f" da "b" ya buge shi. Duk lokacin da nisan ya ninka, ƙarfin muryar yana raguwa da wajen decibel 6 a ma'aunin sauti, hayaniyar wurin kuwa tana nan yadda take. Wannan ne dalilin da ƙaramar rikoda a kusa take doke babba a nesa. Kada ka ajiye ta a kan teburin da ake bugawa. Ka ɗora ta a kan 'yar ƙafa uku, ko a kan hula ko naɗaɗɗen gyale. Ka sa mutumin ya yi magana yadda ya saba, ka juya ƙarfin har ma'aunin yana kaiwa wajen -12, in ya ɗaga murya ya taɓa -6, kada ya kai 0, inda sauti yake fashewa.

Kafin komai, izini. Ka nuna wa dattijon na'urar, ka ce, "Baba, Allah ya ƙara lafiya, wannan muryarka za ta ɗauka don aikin makaranta. Ka yarda in kunna?" Ka gaya masa inda muryar za ta je, kuma in ya ce a kashe a wani wuri, a kashe. Bayan ka kunna, ka faɗi kwanan wata da unguwa, ka bar shi ya faɗi sunansa da yardarsa da bakinsa. Makirufon maƙalawa kuwa, idan mace ce za a yi hira da ita kuma kai namiji ne, ka miƙa mata ta maƙala da kanta, ko wata ta taimaka mata, a kuma kula kada mayafi ya riƙa gogarsa.

Masallaci da filin hawa

Ajiye rikoda a gaban lasifika shi ne hanya mafi muni ta ɗaukar karatu, amsa-kuwwa da tari da kukan yara duk za su shiga. Ka nemi izinin mai kula da na'urorin, ka duba bayan miksa ko amfilifaya inda aka rubuta REC OUT ko TAPE OUT ko AUX, ka ja waya daga nan. Sautin da ke fitowa ta wurin ya fi na makirufo ƙarfi ƙwarai, don haka a DR-40X ka tura maɓallin zuwa LINE, a H5 ka kunna PAD mai rage ƙarfin sautin da ke shigowa, a ƙananan kuma ka rage ƙarfin sosai kana saurare. Ka tabbata wutar bolt 48 a kashe take. Kada ka taɓa jonawa da inda wayar lasifika take fita, zai iya ƙona rikodar. In ka ji ƙugi, cire cajar ka bar ta a kan batir, yawanci shi ke nan. Amma ka tuna, in wuta ta ɗauke miksar ta mutu, kai ma shiru za ka ɗauka. Masu rikodar da ke iya ɗaukar layi huɗu tare, irin DR-40X ko H5, su bar makirufon kanta yana ɗauka a lokaci guda, shi zai cike giɓin.

Ranar hawa a ƙofar fada akasin hira ake yi. Ka ja baya daga makaɗa da masu algaita taku da yawa, ka rage ƙarfin har ma'aunin yana wasa a wajen -18, ka sa hular gashi, ka kulle maɓallan da HOLD don turereniya, ka ɗaura igiyar rikodar a wuyan hannu.

Bayan an dawo

A daren ranar ka kwashe fayilolin zuwa kwamfuta, ka sake kwafa su a wani wuri na biyu, filashi ko ma'ajiyar intanet, kafin ka goge komai daga memorin. Ka sauya musu suna da shekara da wata da rana da unguwa da wanda aka ɗauka, domin bayan wata uku lambobin da rikodar ta ba su ba za su gaya maka komai ba. Idan doguwar ɗauka ta rabu gida biyu ko uku, ba lalacewa ba ce, rikodar ce ke yanka fayil idan ya kai wajen gigabait 2, kuma a Audacity ana jera su su haɗu. Ainihin WAV ɗin ka bar shi yadda yake, ka yi gyara a kan kwafi. Wanda za ka tura wa ta WhatsApp ka fitar masa da MP3, ko ka tura WAV ɗin a matsayin takarda don ya isa yadda yake. Ita kuma rikodar, ka kakkaɓe ƙurar da busasshen burushi mai laushi, ka cire batiran in za ta yi sati ba a taɓa ta ba, ka sa ta a jakarta nesa da rana da cikin mota mai zafi.